Hasken Leza da Gyaran Jerin Haƙora: Lissafi Daga Malanville

Gabatarwa

Garin Malanville yana ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin Kogin Kwara, cikin lardin Alibori. Gada ce kurum ta raba shi da garin Gaya na ƙasar Nijar, kuma daga Gaya zuwa Kamba ta Jihar Kebbi a Nijeriya tafiya ce ta ɗan lokaci. An raɗa wa garin suna ne don tunawa da wani gwamnan mulkin mallaka na Dahome, Bafaranshe mai suna Malan. Dandawa su ne 'yan gida, amma akwai Zabarmawa da Fulani da Hausawa da dama, kuma duk wanda ya shiga kasuwar garin, wadda take ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar, zai ji ana cinikin albasa da shinkafa da hatsi da harshen Hausa. Daga Malanville zuwa Kwatano, inda manyan asibitoci da ƙwararrun likitoci suka fi taruwa, akwai tazarar da ta haura kilomita 700.

To, a ƙaddara wani ɗan kasuwar albasa a wannan gari yana da 'ya mai shekara 14. Haƙoranta na sama sun cunkushe, fiƙa ɗaya ta yi zaƙo ta fito a saman dasashi, har yarinyar ba ta son yin dariya cikin mutane. Ya kai ta Kwatano, likita ya duba ya ce za a ɗaura mata ƙarfen gyaran haƙori, kuma aikin zai ci kusan shekara biyu, ana zuwa duk wata. Sa'an nan ya ƙara da cewa akwai wata 'yar na'ura mai fitar da haske wadda ake haska dasashi da ita, ana cewa tana sa haƙori ya yi saurin tafiya. Abin da uban yarinya yake son sani guda ɗaya ne: in ya biya kuɗin wannan haske, wahalarsa za ta ragu ko kuwa za ta ƙaru? Wannan takarda za ta bi sawun wannan tambaya, tun daga yadda haƙori yake motsi cikin ƙashi har zuwa abin da gwaje-gwajen likitoci suka nuna. A kan hanya kuma ɗalibi zai ga yadda Hausa take ɗaukar sabon ilimi da kalmomin da take da su tun da can.

Sunayen abubuwan da ke cikin baki

Yaro yana da haƙoran nono 20. Idan ya kai shekara shida ko bakwai sai ya fara famfara, wato zubar da su, har ya cika haƙora 32 in ya girma. A kowane muƙamuƙi akwai haƙoran gaba guda huɗu, sai fiƙa a kowane gefe, sai kuma matauna, ƙanana da manya. A Hausar Kano haure na giwa ne, amma a karin harshen yamma, irin wanda ake ji a Sakkwato da sassan Nijar, mutum ma yana da haure, don haka kada ɗalibi ya yi mamaki in ya ji wani a kasuwar Malanville yana kukan ciwon haure.

Kalmomi biyu sun cancanci a tsaya a kansu, giɓi da wushirya. Giɓi shi ne gurbin da haƙori ya bari bayan ya faɗi ko an cire shi, kuma ba wanda yake alfahari da shi. Wushirya kuwa 'yar tazara ce ta halitta tsakanin haƙoran gaba biyu na sama, kuma Bahaushe ya ɗauke ta ado, har akan yabi mace da ita. Ilimin daidaita haƙora na zamani a Amurka ya kafu, a hannun wani likita mai suna Edward Angle, wanda a shekarar 1899 ya kasa rashin daidaiton haƙora gida uku bisa yadda matauni na farko na sama yake haɗuwa da na ƙasa. A wajen waɗanda suka gaji wannan makaranta, wushirya aibi ce da ake rufewa. Ke nan abin da wani yake biyan kuɗi a rufe masa a Landan, shi wata take taƙama da shi a Gaya. Likita mai hankali yakan tambaya kafin ya taɓa ta.

Amma cunkoson haƙora da zaƙo da muƙamuƙin da bai haɗu daidai ba sun wuce batun ado. Haƙoran da suka hau kan juna suna da wuyar wankewa, ko da asuwaki ko da buroshi, kuma haƙoran gaba da suka turo waje sosai sun fi saurin karyewa in yaro ya faɗi.

Shi ƙarfen gyaran haƙori abubuwa biyu ne. Akwai 'yan maɓallai da ake manna wa kowane haƙori, akwai kuma siririyar waya da take ratsa su duka. (Waya a nan tana nufin ma'anarta ta asali, zaren ƙarfe; wayar da ake magana da ita daga baya ta ari sunan.) Wayar farko galibi ta gamin nikel da titaniyom ce, wadda in an lanƙwasa ta takan nemi komawa siffarta a hankali, tana jan haƙoran tare da ita.

Yadda haƙori yake tafiya cikin ƙashi

Mutane da yawa suna zaton haƙori a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako. Ba haka ba ne. Tsakanin saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi akwai wani tantani mai zare-zare, kaurinsa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ne, cike da ƙananan hanyoyin jini. Shi yake riƙe haƙori kamar yadda igiyoyi suke riƙe rumfa. Idan waya ta tura haƙori zuwa gefe guda, tantanin ya matse a gaba, ya miƙe a baya. A gefen da ya matse sai wasu ƙwayoyin halitta su taru su rinƙa cin ƙashi. A wannan takarda an kira su maciya-ƙashi. A gefen da ya miƙe kuma wasu ƙwayoyin, magina-ƙashi, su rinƙa aza sabo. Wanda ya zauna a bakin Kwara ya san wannan aiki: kogi yana zaizaye gaɓa ɗaya yana tara yashi a ɗaya gaɓar, bayan shekaru sai a ga ya sake hanya alhali bai taɓa barin kwarinsa ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Sandstedt, shi ya fara nuna wannan da madubin likita a shekarar 1904, bayan gwajin da ya yi a kan karnuka.

Tafiyar ba ta da sauri. A taƙaice haƙori yakan ci kimanin milimita ɗaya a wata. Idan baki ya cunkushe, likita yakan cire ƙaramin matauni na farko a kowane gefe don a sami fili, sai ya jawo fiƙa baya ta cike giɓin, wanda faɗinsa ya kai kimanin milimita bakwai. Wannan mataki kaɗai zai iya cin wata bakwai. Wani nazari da aka buga a shekarar 2016, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya sami cewa matsakaicin tsawon aikin gaba ɗaya ya kusa wata 20.

Mai karatu zai iya cewa, to me zai hana a ƙara wa wayar ƙarfi? Amsa ita ce an gwada, kuma sauri ya haifi nawa. Ƙarfin da ya wuce kima yakan toshe hanyoyin jinin da ke cikin tantanin, wurin ya mutu, maciya-ƙashi su rasa hanyar isowa. Sai haƙori ya tsaya cik na makonni, har sai an share mataccen wurin ta baya. Wani likita ɗan Norwe, Kaare Reitan, ya yi dogon aiki a kan wannan a shekarun 1950. Abin lura a nan shi ne, iyakar saurin haƙori ba a hannun waya take ba, tana hannun ƙwayoyin da suke ci da gina ƙashi. Duk mai son ya gaggauta aikin, sai ya nemi hanyar zaburar da su.

Kuma akwai dalilin neman gaggawa ban da ƙosawa. Muddin ƙarfe yana baki, abinci yana maƙalewa a gindin maɓallai, kuma fararen tabo, waɗanda su ne farkon ruɓewar haƙori, suna iya bayyana cikin wata guda in ba a tsabta. Dasashi yakan kumbura. Bugu da ƙari, ƙarshen saiwar haƙori yakan ɗan lashe. A wajen yawancin mutane kaɗan ne ba ya cutarwa, amma a wajen wasu tsiraru yakan yi yawa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da tsawon lokaci. Akwai hanyar tiyata, inda ake tsaga ko huda ƙashin da ke kewaye da haƙori don jiki ya taso da aikin gyara, amma ba kowa ne zai yarda a yanka masa dasashi don ya rage 'yan watanni ba. Daga nan ne hankali ya koma ga haske.

Hasken da ba ya ƙuna

Kalmar leza aro ce daga Turanci, a can ma taƙaitawa ce ta haruffan farkon wasu kalmomi biyar. A bakin wanda ya yi karatu da Faransanci, irin mutanen Benin da Nijar, za a ji ta da ra a ƙarshe, lazer. Kada a rikita ta da leda ta zuba kaya. Hasken leza ya bambanta da na fitilar hannu ta fuskar cewa launinsa ɗaya ne tak, kuma yana tafiya a tsuke, ba ya bazuwa. Theodore Maiman ne ya ƙera na'urar farko da ta yi aiki, a Kalifoniya, a watan Mayun 1960. Mai ƙarfi daga cikin irin wannan haske yana yanka ƙarfe, likitoci kuma suna yanka nama da shi. Wanda ake magana a kansa a nan ba shi da wannan ƙarfi. Ana auna shi da miliwat, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, kuma wanda aka haska wa ba ya jin zafi, ba ya jin komai.

Asalin amfani da shi a matsayin magani ya zo ne ba zato. A shekarar 1967 wani likitan tiyata a Jami'ar Semmelweis ta birnin Budafes a ƙasar Hangari, Endre Mester, yana bincike a kan alaƙar hasken leza da ciwon daji. Ya aske bayan ɓeraye, ya haska wa wasu, ya bar wasu. Abin da ya gani shi ne gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga baya ya gwada shi a kan gyambon da ya ƙi warkewa.

Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne wannan. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan gaɓoɓi da ake kira mitokondiriya, su ne murhun da ƙwayar take sarrafa abinci da iska ta sami kuzari. Wani sinadari da ke cikinsu yana tsotse jan haske da kuma hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, wato mai tsawon zango tsakanin nanomita 600 da 1000. Idan ya tsotse, sai murhun ya ƙara ci, ƙwayar ta ƙara kuzari, jini ya ƙara gudana a wurin. Sunan Tiina Karu, wadda ta yi aiki a Rasha, shi ya fi fitowa a wannan fage. Tunanin likitocin haƙori shi ne, in haske zai zaburar da maciya-ƙashi da magina-ƙashi, to haƙori zai ƙara sauri ba tare da an ƙara wa waya ƙarfi ba.

Sai dai akwai wani sharaɗi mai wuya, shi ne gwargwado. Manomin albasa a fadamar Malanville ya san halin takin zamani: kaɗan ba ya yin komai, daidai yana raya shuka, in ya yi yawa ya ƙone ta. Haka hasken yake. Kuma ba duk hasken da ya fita daga na'ura yake kaiwa ga saiwa ba, sai ya ratsa dasashi da ƙashi, kowanne yana riƙe rabonsa. Sinadarin da yake ba fata duhu yana tsotse haske, shi ma dasashin baƙar fata sau da yawa yana da wannan duhu, balle a wasu sassan Sahel inda mata suke ƙara wa dasashi baƙi don ado. Ke nan adadin da aka tsara a kan wani baki ba lalle ne ya zama daidai a kan wani ba.

Ya kamata a faɗi cewa wannan haske ba tatsuniya ba ne. Akwai inda ya tabbatar da kansa. Masu ciwon daji da ake yi wa gashi ko ƙarin ruwan magani sukan sami mugun miki a baki, kuma a shekarar 2018 hukumar da take tantance hanyoyin magani a Ingila, NICE, ta amince a yi amfani da hasken leza don hana wannan miki ko rage shi. Amma warkar da miki a fatar baki abu ne daban, tura haƙori cikin ƙashi abu ne daban.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A shekarar 2000 wasu masana biyu a Japan, Kawasaki da Shimizu, suka ɗaura wa ɓeraye waya a haƙori, suka rinƙa haska wa wasu daga cikinsu. Cikin kwana 12 haƙoran waɗanda aka haska sun fi na sauran tafiya da kimanin kashi 30 cikin ɗari, kuma an ga ƙarin maciya-ƙashi a gefen da ya matse. Wannan ne ya buɗe ƙofar gwaji a kan mutane.

Dabarar da aka fi bi tana da kyau, ana kiranta raba baki biyu. Mutum ɗaya ake cire wa ƙaramin matauni a dama da hagu, a ja fiƙoƙin biyu baya da ƙarfi iri ɗaya, a haska gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma a ɗora masa na'urar a kashe. Tun da jiki ɗaya ne, abinci ɗaya, shekaru ɗaya, duk bambancin da aka gani ana iya jingina shi ga haske.

A shekarar 2004 Cruz da abokan aikinsa a Barazil suka yi irin wannan gwaji da mutum 11. Haskensu mai zangon nanomita 780 ne, ƙarfinsa miliwat 20, ana ɗora shi daƙiƙa goma a kowane wuri, wurare goma kewaye da saiwar fiƙa, kwana huɗu a kowane wata. Adadin ya kama jul 5 a kan kowane santimita murabba'i. Bayan wata biyu, gefen da aka haska ya fi ɗaya gefen tafiya da kashi 34 cikin ɗari. Shekara biyu bayan haka, a 2006, Limpanichkul da abokan aikinsa a Tailan suka gwada da mutum 12, da haske mai zangon nanomita 860 da ƙarfin miliwat 100, adadin ya kai jul 25. Ba su ga wani bambanci ba ko kaɗan. Abin dariyar shi ne, sun kammala da cewa mai yiwuwa haskensu ne ya yi kaɗan, alhali ya ninka na mutanen Barazil sau biyar. Wasu kuma suka karanta sakamakon suka ce a'a, yawa ya yi, taki ne ya ƙone shuka. Duk bayanin da zai iya fassara nasara da rashin nasara da hujja ɗaya, ya kamata a riƙe shi da hannu biyu.

An ci gaba da gwaji. A 2012 Doshi-Mehta da Bhad-Patil a Indiya suka ba da rahoton ƙarin sauri na kimanin kashi 30 cikin ɗari a kan mutum 20, tare da raguwar ciwo. A 2017 wasu likitoci a Dimashƙa ta ƙasar Siriya suka duba matakin farko na aikin, wato jera haƙoran gaba da suka cunkushe, da mutum 26, suka sami raguwar lokaci na kashi 26 cikin ɗari. Duk waɗannan gwaje-gwaje suna da hali ɗaya. Mutanen da ke cikinsu ba su cika aji ɗaya na makarantar firamare ba, kowane rukuni da irin na'urarsa da adadinsa da kwanakinsa, kuma mataki ɗaya na aikin suke aunawa, ba aikin daga farko har ƙarshe ba.

Akwai wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna Cochrane, wadda aka kafa a Ingila a 1993, aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan magani guda, ta tace su, ta faɗi abin da ya rage a rariya. A 2015 ta duba hanyoyin gaggauta tafiyar haƙori waɗanda ba na tiyata ba, ta sami gwaji biyu kacal da suka cika sharuɗɗanta, su ma a kan na'urar girgiza haƙori suke. A 2023 ta sake dubawa, wannan karon da gwaji 23 da mutum 1,027. Hukuncinta shi ne hujjojin masu rauni ne, wasu ma masu rauni ƙwarai. Ba su nuna cewa haske yana rage tsawon aikin gaba ɗaya ba. Mai yiwuwa yana ɗan gaggauta wani mataki guda, amma ba a tabbatar ribar ta kai a ce majiyyaci ya ji ta a jikinsa ba. Hausawa suna cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ta fuskar ciwo labarin ya ɗan fi daɗi. Bayan an ɗaura waya ko an ƙara mata ƙarfi, haƙora sukan yi tsami, abin ya kai ƙololuwa bayan kamar kwana ɗaya, ya lafa cikin mako. Wani nazarin na Cochrane a 2016 ya ce akwai alamar haske yana rage wannan ciwo, ko da yake a nan ma hujjar ba ta da ƙarfi. Sai dai ciwon kwana biyu ko uku ne, wanda farasitamol yake maganinsa. Haɗarin hasken kansa kaɗan ne in an bi ƙa'ida, babban abin tsoro shi ne ido: dole likita da majiyyaci su sa tabarau na musamman, musamman da yake wani hasken ba a ganinsa balle a ƙifta.

Lissafin hanya

A koma ga ɗan kasuwar albasa da 'yarsa. A yi masa adalci, a ɗauki sakamako mai kyau, a ce haske zai ƙara wa fiƙa sauri da kashi 30 cikin ɗari. Farkon abin da za a lura da shi shi ne, ƙarin sauri na kashi 30 ba ragin lokaci na kashi 30 ba ne. Giɓin milimita bakwai da za a rufe cikin wata bakwai, yanzu za a rufe shi cikin wata biyar da kwana goma sha biyu ko kusa da haka. An sami ribar kimanin mako bakwai, a cikin aikin da zai ci wata 20.

Sai a duba abin da aka biya. A gwajin Indiya da na Siriya an haska a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, da ta 14, daga nan kuma duk bayan kwana 15 har matakin ya ƙare. Idan aka bi wannan tsari, yarinyar za ta zauna a kujerar likita kusan sau 14 kafin giɓin ya rufe. Ba tare da haske ba, zuwa takwas ya ishe ta. Ga mutumin da yake zaune a Kwatano, wanda zai hau zemijan, wato ɗan acaɓa, ya je ya dawo cikin awa guda, wannan ba komai ba ne. Ga mutumin Malanville kuwa kowane zuwa tafiya ce ta sama da kilomita 1,400 zuwa da dawowa, ta Kandi da Paraku, yini guda cur a mota kowace fuska. Ko da an haɗa zuwa uku na farko cikin zama ɗaya na mako guda a gidan dangi, sauran suna nan. Yarinya ta bar makaranta, uba ko uwa sun bar kasuwa, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga na masauki, ga na hasken kansa. An rage makonni a kalanda, an ƙara dubban kilomita a hanya.

Wani zai ce ai ba sai Kwatano ba, ga Yamai can kimanin kilomita 300 daga Gaya, ga kuma asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano masu sassan kula da haƙora. Haka ne, amma aikin wata 20 yana bukatar hanyar da za ta zauna a buɗe wata 20. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. Wanda aka ɗaura wa ƙarfe a Yamai a farkon 2023 ya ga abin da ake nufi da dogaro ga likitan da ke ƙetaren iyaka. Ƙarfen da aka bari a baki wata da watanni ba mai dubawa, ɓarna yake yi, ba gyara ba.

Kamfanoni sun lura da wannan matsala ta yawan zirga-zirga, suka ƙera na'urorin da mutum zai sa a bakinsa a gida na 'yan mintoci kullum. Waɗannan galibi ba leza ba ce, 'yan ƙananan fitilu ne masu irin wannan zangon haske. Sun warware batun hanya, amma suna da tsada, kuma nazarin 2023 da aka ambata ya haɗa da su cikin hukuncinsa.

Akwai kuma batun abin da ya fi gaggawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a yankinta na Afirka likitan haƙori ɗaya ne ga kimanin mutum 30,000, kuma waɗanda suka ƙware a daidaita haƙora 'yan tsiraru ne a cikinsu. A wannan yanki na Sahel har yanzu ana fama da cutar noma, mai cin dasashi da fuskar yaran da ba su samun isasshen abinci, wadda hukumar ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamban 2023, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999. (Sunan cutar daga harshen Girka ya zo, ba ruwansa da noman gona.) Wannan ba ya nufin 'yar ɗan kasuwa ba ta cancanci haƙora masu kyau ba. Yana nuna dai inda na'urar leza take a jerin abubuwan da ƙaramin asibitin haƙori a arewacin Benin zai fara saya.

Abubuwan da aka daɗe da sanin suna tsawaita aikin ba su da alaƙa da haske: maɓalli ya ɓalle saboda an ciji ƙashi ko rake ko ƙanƙara, an tsallake ranar ganin likita, an ƙi sa 'yan robobin da aka ce a rinƙa sawa, ko dasashi ya kumbura har likita ya dakata. Ɓallewar maɓalli ɗaya a Malanville, in sai an jira zuwa na gaba kafin a manna shi, tana iya mayar da haƙorin baya ta cinye rabin ribar mako bakwai ɗin nan. Ranar da aka cire ƙarfe kuma aiki bai ƙare ba. Zaren tantanin da aka ja yana neman mayar da haƙori inda ya fito, sabon ƙashi bai gama ƙwari ba, don haka likita zai ba yarinyar mariƙi, ko na roba da za ta rinƙa sawa da dare, ko siririyar waya da za a manna a bayan haƙoran gaba, kuma yawancin likitoci a yau suna cewa a ci gaba da amfani da shi shekara da shekaru.